In ka gaji tsohuwar ƴar pistole, kar ka goge ta tukuna

Wani ɗan uwana a Birni ya buɗe adakar kakanmu, tsohon sojan Faransa ne Allah ya jiƙansa, sai ga wata ƴar bindiga da ba ta wuce tafin hannu ba a naɗe cikin tsumma. Kafin in iso ya sa toka da lemun tsami ya dirje ta tas wai tana da tsatsa, har da sampepa wallahi. Na ce yaya ai ka kashe ta, baƙin nan da ka kankare shi ne rabin kuɗinta. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son asalin launin masana'anta ko da ya koɗe, a kan wadda aka goge tana ƙyalli kamar sabon kwano.

To abu na farko dai, kar ka taɓa kunamar, ka ɗauka akwai harsashi a ciki har sai wanda ya san aikin ya duba. Kuma a Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, gado ba ya wanke ka, ka je komisariya ko wajen jandarma ka tambayi yadda ake yi, balle yanzu da ƙasa take yadda take.

Sai ka samu haske mai kyau ka karanta jikinta. In ka ga FN da Herstal, wato sunan kamfanin da garinsa, ta Beljiyam ce, akwai ta 1906 ƙirar John Browning mai cin harsashi shida masu kaurin milimita 6,35, sai ƙanwarta Baby da ta fito 1931, ita ta fi ƙanƙanta. Nemi wani ɗan hatimi mai siffar ƙwai da ELG a ciki, shi ne shaidar an gwada ta a garin Liège na Beljiyam. In kuwa Saint-Étienne aka rubuta da Le Français, ta kamfanin Manufrance na Faransa ce, wadda bututunta ke ɗagawa sama. Akwai kuma Ruby ta garin Eibar a Sipaniya, mai harsashin milimita 7,65, Faransa ta saye su rututu a yaƙin duniya na farko daga 1915, shi ya sa ba ta da tsada sosai, abin da ya yi yawa ai ba ya daraja.

Lamba ita ce wajen da ake cin mutane. Ka duba lambar da ke jikinta da ta sauran sassan ko sun dace, in sun bambanta to haɗe-haɗe ce, kuɗinta ya faɗi. Duba marfin mariƙin ko na asali ne ko maƙeri ya sassaƙa mata wani, tsagewa ƙarama ma tana rage mata.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne takarda. Littafin soja na mai ita, hotonsa da kaki, tsohon izini mai hatimi tun lokacin da Zinder ke babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926, wannan kan ɗaga darajarta fiye da ƙarfen kansa. Namu mun same shi a ƙasan adakar, gara ta ci gefe ɗaya.

Ajiya kuma ɗan mai kaɗan a tsumma ya isa, a cire ta daga kuben fata don fata na jan laima da damina, a kulle nesa da yara. Kar ka ce za ka gwada harba ta, ƙarfen da ya haura shekara tamanin ba abin yarda ba ne.