Yadda za ku samar da masu tsallakar da yara kwalta a bakin lakwal

Duk wanda ke Garwa ko Marwa a arewacin Kamaru ya san yadda bakin makarantun firamare yake da ƙarfe bakwai na safe, ƴan kilando masu baburan haya na gudu kamar ana korarsu, ga manyan kamiyo da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare za su Kusiri da Njamena, ga kuma yaran SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, ƴan shekara 6 da 7 jaka ta fi su girma suna tsaye suna raba ido. Bara a gabana babur ya kwashe wata yarinya a unguwarmu, Allah ya taƙaita abin ya tsaya a karaya, amma har yau ina ganin silifas ɗinta guda a tsakiyar kwalta. Daga nan muka tashi tsaye, ga yadda muka yi.

Na farko kar ku fara da taro, ku fara da kallo. Mutum biyu ko uku su tsaya bakin makarantar kwana uku, safe da lokacin tashi, su ga ta ina yaran ke tsallakawa da gaske, dan yaro ba ya bin inda ka zana masa, inda mai ƙosai ko mai alawa take nan yake nufa. Mu mun ɗauka safiya ce matsalar, ashe lokacin tashi ya fi muni, da safe ɗaya ɗaya suke zuwa amma in aka buga ƙararrawa gaba ɗaya suke ɓallowa da gudu ga yunwa ga rana. Ku tuna ranar Laraba da wuri ake tashi.

Na biyu ku sami daraktan makarantar da shugabannin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, daga nan ku je wajen jauro ko lawan na unguwa. Sai a rubuta takarda zuwa meri, ofishin magajin gari, a kai kwafi wa ƴan sanda ko jandarma. Kar a tsallake wannan, mutum ba shi da hurumin tsaida motoci a titin gwamnati haka kawai, balle in babbar hanya ce irin Nasiyonal 1.

Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙar, wa zai tsaya? Mu da farko cewa muka yi fisabilillahi, samari takwas suka ɗaga hannu kowa na kabbara, wallahi ba a yi sati uku ba sai ga wajen wayam, wannan ya tafi kasuwa wancan ya samu aikin gini. Kuma ba laifinsu ba ne, kowa da bakin da yake ciyarwa. Abin tsoron shi ne yara sun riga sun saba akwai mai tsare musu hanya, ranar da babu kowa sai su faɗa titi ba kallo, kaga gara ma ba a fara ba da a fara a bari. Dan haka ku nemi mutum biyu tsayayyu da na uku mai maye gurbi in wani ba lafiya, kuma a biya su ko kaɗan ne. Lissafin ba wuya, iyaye 300 kowa dala ashirin a wata, sefa 100 kenan, an haɗa jaka 30, wato sefa dubu 30. Kuɗin ya bi ta hannun ma'ajin APEE da rasit, kar ya zauna aljihun mutum ɗaya.

Ni a ganina dattijo mai sauran ƙarfi ya fi saurayi, tsohon soja ko ɗan sanda mai ritaya ko wata uwa da unguwa ke jin nauyinta. Ɗan kilando zai iya zagin sa'ansa amma in Baba ya ɗaga hannu yace ɗana dakata, kunya kaɗai ta isa ta sa ya taka birki. A tabbatar yana gani yana ji sosai, ba mai saurin fushi ba, kuma an san halinsa da yara.

Na huɗu kayan aiki, riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa, usur, da allon STOP ja mai mariƙi wanda mai walda zai haɗa muku. A ƙara da hular malfa da gorar ruwa dan zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Lokacin hazo kuwa rigar nan ce kawai direba ke hangowa daga nesa.

Na biyar a roƙi ɗan sanda ya koya musu aikin ko na yini guda. Ƙa'idar ita ce yara su taru a gefe tukun, mai tsaron ya jira sarari, ya ɗaga allo ya shiga tsakiya shi kaɗai, sai komai ya tsaya cak sannan ya kira su, a tafi a tsanake ba gudu, shi ne ƙarshen fita. Kar ya taɓa tarar kamiyo mai kaya da ya riga ya matso, motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda tun direba bai kai ƙafa birki ba, to ina ga mai tan talatin. Kuma yana tsaye ba waya ba hira.

Yaran ma a koya musu a aji, tunda hannun dama ake tuƙi a ƙasarmu hagu ake fara dubawa, sai dama, sai hagu kuma. Ku je tashar ƴan kilando ku gaida shugabansu ku gaya masa, yawancinsu ƴaƴansu ko ƙannensu na cikin yaran nan. A aje ɗan littafi a ofishin darakta mai tsaro na sa hannu kullum, in ya ga wani abu ya rubuta da lambar motar, wannan littafin za ku ɗauka ku koma meri da shi ranar da za ku nemi a yi muku tudun rage gudu da fentin tsallakawa.