Yadda zaka gane wace "pass" ake nufi kafin ka kwafsa

Kalmar nan pass ta Turanci tun muna firamare aka ce mana ma'anarta "wuce", shikenan muka riƙe hannu bibbiyu, toh ba ƙarya aka yi mana ba don asalinta ma daga Latin ne, passus, wato taku, amma in ka ce duk inda ka ganta "wuce" zaka fassara wallahi wata rana sai ka yi wa mai rai ta'aziyya.

Abu na farko da nake yi in na ci karo da ita shine in leƙa ƙaramar kalmar dake biye da ita, don nan rikicin yake. In kaga pass away toh rasuwa ce, irin yadda muma bama son cewa ya mutu kai tsaye sai mu ce ya cika ko ya riga mu gidan gaskiya. Pass out kuma suma ce a wajen Bature. Amma fa a Najeriya tana da wata fuska, ɗan bautar ƙasa in ya gama shekararsa ko kurtun soja ya gama horo shima passing out ake cewa, har fareti ake yi. Wani ƙanena ya taɓa turo saƙo gida wai gobe zai yi pass out, yayarmu dake aikin jinya ta kira shi hankali tashe tana cewa kai wace irin suma ce ake sa mata rana, sai da aka sha dariya.

In babu komai a bayanta, sai ka duba a ina ake maganar. A filin ƙwallo miƙa wa ɗan'uwanka ƙwallo ne, mun ma ara muna cewa ba shi fasin. A kan tebur in aka ce pass me the salt miƙo gishiri ake nufi, kar ka ɗauka ka wuce dashi. A majalisa in sun yi pass ɗin ƙuduri sun amince dashi kenan saura sa hannun shugaban ƙasa. A filin jirgi kuwa takarda ce, boarding pass, wadda in babu ita ba zaka hau ba, kuma kaga fasfo da fasinja duk 'yan gida ɗaya ne da ita.

Inda nafi so 'yan makaranta su natsu shine wajen jarabawa. Muna cewa ya yi fasin ma'ana ya ci, daidai ne, amma a sakamakon WAEC kalmar tana da wata ma'ana ta musamman wadda bata da daɗi sosai. A1 zuwa B3 sune na sama, C4 zuwa C6 kiredit, D7 da E8 su ake kira pass, F9 kuma faɗuwa. Toh yaro sai ya kawo takarda da D7 a lissafi yace Baba na yi fasin, baba ya yi ta murna yana faɗa wa maƙwabta, alhali jami'a kiredit biyar take nema harda Turanci da lissafi, wannan pass ɗin ba zata kai shi ko bakin get ba. Saboda haka in ɗanka yace maka pass, ka ce ya nuna maka lambar dake jikin harafin.

Akwai kuma wadda ke nufin a'a cikin ladabi, ka yi wa mutum tayin abinci yace I'll pass, ba wucewa zai yi ba yana nan zaune, cewa yake na ƙoshi na gode. Ni kaina na daɗe kafin na gane wannan.

Ta buroka kuma daban take, can "fi" ce tamu sak, shi yasa ake kiran ƙaramin janareto I pass my neighbour wato na fi maƙwabcina, kar ka kai ta cikin rubutun jarabawa dai.

In kana karatun labarai ko tarihi zaka ganta a matsayin suna. Khyber Pass mashiga ce tsakanin duwatsu dake haɗa Pakistan da Afganistan. A Afirka ta Kudu kuma lokacin wariyar launin fata pass wani ɗan littafi ne da aka tilasta wa baƙar fata yawo dashi, in ɗan sanda ya tare ka babu shi sai kamu, kuma zanga-zangar ƙin jinin wannan littafin ce aka yi a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe mutum 69, ba'a soke dokar ba sai 1986.