Kafin ka jefar da tsohon fulogi, tsaya ka duba bakinsa

Ni bakaniken babur ne a Kano, kuma abin da ya fi ci mini rai a wannan sana'a shi ne yadda masu babur ke ɗaukar fulogi kamar shara. Babur ya ƙi tashi, a sayo sabo a ɗaura, a yi wurgi da tsohon ba tare da an ko kalle shi ba. Alhali fulogi ne kaɗai abin da ke zaune cikin ɗakin da wuta ke ci wanda za ka iya ciro shi da sufana ɗaya. Kamar yadda likita ke cewa ka fito da harshenka, haka bakin fulogi ke nuna lafiyar inji.

Da farko, kada ka duba shi bayan babur ya daɗe a tsaye yana silo, ko bayan ka tayar da shi da cok. Zai yi baƙi, ka zaci akwai matsala alhali babu. Ka hau shi ka yi tafiya sosai a titi, ka dawo ka kashe, ka bar injin ya huce. Kan silinda na alminiyam ne, ƙarfe mai taushi, kuma kwance fulogi da zafi na iya cinye haƙoran ramin. Ka cire hular fulogin, ka hure ƙasar da ta taru a gindinsa, don duk abin da ka bari a wurin cikin inji zai faɗa.

Idan farar tangaran da ke kewaye da tsinken tsakiya ta yi ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe, to alhamdu lillahi. Mai da iska sun daidaita. Goge shi ka mayar.

Baƙi iri biyu ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Ka shafa da yatsa. In busasshen baƙi ne mai laushi da ke gogewa kamar gari, fetur ya yi wa iska yawa. Kafin kowa ya taɓa maka kafireta, buɗe iyakilina, wato akwatin soson da ke tace iska. A lokacin hunturu soson nan yakan toshe da ƙura cikin ɗan lokaci, iska ta kasa wucewa, inji ya riƙa zuƙar mai fiye da kima, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Sau da yawa wanke soson kawai ke kashe maganar. In ba shi ba ne, a duba ko cok ya maƙale, ko kafireta na ambaliya.

Amma in baƙin yana da danƙo, yana ƙyalli, baƙin mai, wato man inji, ne ke haurowa inda bai kamata ba. Ko ringin fistin ya gaji, ko robar bawul ta saki. Za ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma baƙin mai yana raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba. Ɗan'uwa, ko fulogi goma ka saya, duk haka za su koma. Aikin inji ne, kuma gara a yi shi tun ringi kaɗai ake nema, kafin a kai ga sayen bulok. In kuwa jiƙewar ta fetur ce, hanci zai gaya maka: mai yana zuwa, wuta ce babu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fari. Tangaran ta yi fari fat, wani lokaci da ƙuraje-ƙuraje, tsinken ya fara narkewa. Mutane suna ganin wannan su ce fulogi tsaf yake. Ba tsafta ba ce, ƙuna ce. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, zafin ciki ya wuce misali. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 nake yawan ganin irinsa, saboda masu haya suna zuwa su ce a matse musu kafireta don babur ya rage shan mai. Na san halin da ake ciki, wallahi na sani. Sai dai abin da ka tara a mai, fistin ne zai biya shi, domin irin wannan zafi har huda kan fistin yake yi. Robar da ke haɗa kafireta da inji ma in ta tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya ta jawo haka. Baƙin fulogi yana ɓata maka rana, farin fulogi yana kashe maka inji.

Sai tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa. A yawancin ƙananan baburanmu milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Akwai siraran ƙarafunan awo da ake sayarwa don wannan, ba su da tsada. Wajen gyarawa, ƙugiyar kawai za ka lanƙwasa a hankali, kada ka dogara da tsinken. In gefunan tsinken sun mulmule, ko tangaran ta tsage, ya gama aiki. Don wankewa, burushin waya mai laushi da ɗan fetur sun isa. Ba na son al'adar gasa fulogi a wuta, tana fasa tangaran ta inda ido ba ya gani.

Gwajin wuta kuma: sa masa hularsa, jingina haƙoransa da jikin inji nesa da ramin, riƙe ta robar, ka buga kik. Shuɗiyar wuta mai ƙara ita ake so. In ja ce mai rauni, gwada wani fulogin. In bai canza ba, ka koma kan hula, waya da kwayil.

Wajen saye, tafi da tsohon, ka karanta lambar. A na kamfanin NGK, C7HSA gajere ne, kaurin haƙoransa milimita 10, shi ake sa wa yawancin ƙananan injuna irin na roba-roba. D8EA ya fi tsawo, kaurin haƙoransa milimita 12 ne, na injin CG125 da danginsa. Lambar tsakiya tana nuna yadda yake fitar da zafi: a NGK, duk hawan lamba, fulogin ya fi saurin sanyaya kansa. Kada wani ya ce maka ai duk ɗaya ne tunda ya shiga. Dogo a gurbin gajere na iya dukan fistin. Jabu kuma ya cika kasuwa, in ka ga araha ta yi yawa ko rubutun jikinsa na gogewa, ajiye musu kayansu.

Mayarwa da hannu ake farawa, ka murɗa har ya zauna. In ka ji ya yi tauri tun a zagaye na farko, ya hau karkace, ka warware ka sake. Sannan sufana: sabo mai sabuwar wasa (zoben ƙarfen da ke gindinsa) kamar rabin zagaye, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓi kaɗan ya ishe shi, don wasarsa ta riga ta lotse. Danna hular har ka ji ta kama, kuma duk lokacin da za ka juye baƙin mai, ka sake ciro shi ka duba.