Abin da mai jinya zai yi idan jini ya ɓalle bayan an sa bututu a hanyar abinci

Majinyacin da sankara ta toshe wa hanyar abinci akan sa masa bututun ƙarfe mai kama da raga, wanda likitoci ke kira sitent, domin ya samu ya haɗiyi ko da kunu ne. Sai dai a tsakiyar ƙirji hanyar abinci tana maƙwabtaka da babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, kuma bakin bututun yana iya cin naman a hankali har ya huda ta, musamman ga wanda aka riga aka yi wa gashin sankara da na'ura.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, wannan ɓarna takan aiko da gargaɗi. Majinyaci zai ji ciwo a tsakiyar ƙirji, ya amayo jini ja jawur wanda bai wuce cikin ludayi ba, sannan jinin ya tsaya kamar ba a yi ba. Nan ne iyali kan ce a bari zuwa wayewar gari, alhali bayan 'yan sa'o'i ko kwanaki jinin yana iya dawowa da ƙarfin da ba ya jiran mota. Haka ma bayan gida baƙi kamar kwalta, da jiri da gumi mai sanyi, alamu ne na zubar jini a ciki.

Da zarar kun ga haka, ku kwantar da shi a gefensa don kada jinin ya shaƙe shi, kuma kada ku ba shi ruwa ko jiƙo. Ku garzaya sashen gaggawa na babban asibiti, kamar Barau Dikko ko Asibitin 44 a Kaduna, ba kemis ba. Ku tafi da katinsa da magungunansa, da 'yan uwa masu iya ba da jini, kuma tun daga ƙofa ku sanar cewa akwai bututu a ƙirjinsa, ku ambaci asfirin ko diklofenak idan yana sha.

Can za a yi masa ƙarin ruwa da jini, a ɗauki hoton siti sikan na jijiyoyi, wataƙila a leƙa da kyamara. Jinin da ke tsatsafowa daga ƙarin sankarar ana iya ƙona wurin ko a toshe ƙaramar jijiyar. Idan kuwa babbar ce ta huje, akan danne wurin da balan-balan na ɗan lokaci, sannan a zura wani bututun ta jijiyar cinya a liƙe hujin daga ciki, a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan aikin ƙwararru ne, saboda haka idan an ce a wuce asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko Abuja, ku nemi motar asibiti da ma'aikacin jinya a ciki.