Yadda ake gyara tsohon agogon hannu da nemo masa kayan gyara

Duk wanda ya samu tsohon agogo irin wanda ake wanawa, da ya daɗe a ajiye, kada ya yi gaggawar wana shi don ya ji ko zai motsa, domin man da ke cikinsa ya riga ya bushe, kuma juyi a bushe yana cinye bakin 'yan sandunan da ƙafafun injin suke juyawa a kansu.

Aikin farko shi ne a buɗe murfin baya a gano ainihin injin, kuma a ganina wannan ne rabin gyaran. Sunan da ke fuskar agogo ba lallai ya nuna wanda ya ƙera injin ba, saboda kamfanonin Suwizalan da dama sun riƙa sayen injuna daga masana'antu irin su ETA suna ɗora nasu sunan. Idan aka sa madubin ƙara girma aka leƙa ƙarƙashin ƙafar nan mai kai da komowa, galibi za a ga ɗan tambari da lamba, kamar 2824. Kamfanin agogo na Seiko kuwa ya sauƙaƙa abin, yana buga lambar a murfin baya, kamar 6309-7040, inda huɗun farko ke nufin injin, sauran kuma gidan agogon. Da wannan lamba ake neman kaya, ba da sunan fuska ba.

Kafin a kwance ko da sukuru ɗaya, sai a sassauta babban sifirin, wato wanda ake ɗaurewa idan an wana agogo, a hankali ana riƙe da kan mawani, in ba haka ba ƙarfinsa zai ƙwace ya kakkarya haƙoran ƙafafu. A riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki. Wajen wanki, kada a jiƙa ɗan cokalin da ke tsayar da ƙafa yana sakinta cikin sifirit, domin wani irin ƙaro ne ke riƙe da duwatsunsa biyu na yaƙutu, sifirit kuma yana narkar da shi. Mai kuwa, ɗigon da bai kai kan allura ba ya wadatar a kowane gurbi. Yawansa ma yana ɓarna, tunda yakan malala ya manne siririn sifirin da ke jikin ƙafar nan mai kai da komowa, agogo ya kama gudu.

Samun kayan gyara shi ne inda ake shan wahala, musamman tun ƙarshen 2015 da kamfanin Swatch, mai mallakar ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayansa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce sayen mataccen agogo mai lambar inji iri ɗaya, ko da fuskarsa ta lalace, a riƙa cirar abin da ake buƙata, amma a nemi hoton injin tukuna a tabbatar tsatsa ba ta ci shi ba. Babban sifirin da gilashi ba su da wuyar samu sababbi: sifirin ana auna faɗinsa da kaurinsa da tsawonsa, gilashi kuma faɗinsa da milimita.

Fuskar agogo dai gara a bar ta yadda take, domin sake fenti yana zubar da darajarta. Haka kuma, yawancin agogunan da aka ƙera kafin shekarun 1960 masu haske cikin duhu an shafa musu sinadarin radiyam, wanda illarsa na nan ko da hasken ya mutu, saboda haka kada a kankare shi, kada a hura shi da baki, a kuma wanke hannu bayan aiki.