Darasi na 9: Zaɓen Ƙugiya, Dalma da Zare Domin Fatsa da Ƙoton Roba

Duk wanda ya taɓa yin fatsa a Gulbin Rima ko a bakin madatsar ruwa ta Goronyo ya san wahalar neman ƙoto da bazara, lokacin da ƙasa ta ƙeƙashe, tanar ƙasa kuma ta nutse inda fartanya ba ta kai wa gare ta. Ƙoton roba yana rage wannan wahala. Roba ce mai laushi da ake zubawa da siffar tana, ko ɗan kifi, ko kwaɗo, ba ta ruɓewa, kuma guda ɗaya tana iya kama kifi fiye da ɗaya kafin ta yage. Amma ita kaɗai ba ta kama komai, sai an haɗa ta da ƙugiya da dalma (nauyin da ke nutsar da ƙoto) da zaren da suka yi daidai da ita.

A Amurka aka faro wannan dabara. A 1949 wani mutum mai suna Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohayo, ya fara zuba tanar roba domin kama wani kifi mai faɗin baki da ake kira bas, wanda yake laɓewa cikin ciyawa ya afka wa abin da ya gitta. Babu bas a gulabenmu, amma muna da masu irin halinsa, wato giwan ruwa da tsage. Sai dai bas mafi girma da aka taɓa kamawa da fatsa bai wuce kilo 10 da 'yan kai ba, alhali giwan ruwa yana iya zarce kilo 100. Saboda haka kayan da aka ƙera domin bas za su ishe ku ga ƙananan giwan ruwa, amma wanda yake neman irin waɗanda ake ɗagawa sama a bikin Argungu sai ya ƙara kauri. Tarwaɗa kuwa da ƙanshi take neman abinci, gara a bar mata tanar gaske.

A fara da ƙugiya, domin a nan ne aka fi yin kuskure, kuma a nan ne karatun lamba yake da amfani. Lambobin da ke jikin takardar ƙugiya iri biyu ne, kuma sun juya wa juna baya. Idan lamba ita kaɗai ce, kamar 1 ko 4 ko 8, to, gwargwadon hawan lambar gwargwadon ƙanƙantar ƙugiyar, wato 8 ba ta kai 4 ba. Idan kuwa akwai sifili a bayan lambar, kamar 1/0 ko 3/0 ko 5/0, hawan lambar girman ƙugiya yake nufi. Wanda bai san wannan ba yakan ce a ba shi mai lamba 6 yana zaton babba ce, sai ya koma gida da ƙugiyar kama gargaza. Yawancin ƙoton roba mai tsawon yatsa zuwa tafin hannu yana tafiya da 2/0 zuwa 5/0.

Ba tsawon robar kaɗai ake dubawa ba, kaurinta ya fi muhimmanci. Ku ɗora robar a kan ƙugiya ku dubi tazarar da ke tsakanin tsini da gangar jikin ƙugiyar. Ana so tazarar ta kai kamar ninki biyu na kaurin robar, domin idan kifi ya danne, robar tana bukatar wurin da za ta kauce tsinin ya fito. In ta cika tazarar taf, za ku ji kifi ya ja, ku fizga, ƙugiya ta dawo ba komai. Tanar roba siririya tana yi da ƙugiya madaidaiciya, amma ɗan kifi ko kwaɗon roba sai mai faɗin ciki. A nemi kuma wadda take da ɗan lanƙwasa kusa da ido, domin shi yake riƙe kan robar kada ta zame.

Ɗaurin da ya fi dacewa da ruwan da ke da bado da kainuwa da sassaƙen itace shi ne wanda ake kira ɗaurin Teksas. Ana fara zura dalma mai siffar harsashi a zare, tsininta yana kallon sanda, sannan a ɗaura ƙugiya. Sai a soka tsinin a kan robar kamar faɗin farce, a fito da shi ta gefe, a tura kan robar har kan lanƙwasan nan, a juya ƙugiyar, a mayar da tsinin cikin jikin robar ya ɓuya. Tsinin da ya ɓuya ba ya kama ciyawa. Robar kuma dole ta miƙe sambal, domin karkatacciya juyawa take yi ta murɗe zare.

Ruwa ne yake zaɓen dalma, ba mai fatsa ba. A takarda ana rubuta nauyinta da oza: 1/8 kamar giram 3 da rabi ne, 1/4 giram 7, 1/2 kuma giram 14. A tafki mai kwanciya kamar na Kware, ƙarama ta isa, har ma ta fi, domin robar tana sauka a hankali kamar abu mai rai. A gulbi da damina, lokacin da ruwa yake gudu, sai mai nauyi, in ba haka ba ƙoton ba zai taɓa ƙasa ba. A irin wannan ruwa mai laka kuma roba baƙa ko mai duhu ta fi ganuwa. Dalma dai guba ce, kuma mutanen wannan yanki ba su manta da yaran da ta hallaka a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Kada a cije ta da haƙori, kada a narka ta a inda ake girki, kada a bar ta inda yara suke wasa.

Zare iri uku ne a kasuwa. Na nailan ya fi arha kuma yana miƙewa. Akwai mai kama da shi wanda yake nutsewa kuma ba ya ganuwa sosai cikin ruwa mai haske, sai dai da tsada. Na uku saƙaƙƙe ne, siriri, ba ya miƙewa, kuma shi ya fi dacewa da ɗaurin Teksas, tun da tsinin sai ya keta roba kafin ya shiga bakin kifi, zare mai miƙewa kuwa cinye ƙarfin fizga yake yi. Ƙarfin zare da laba ake rubuta shi, laba 20 kuma kamar kilo 9 ce. Inda ake sa ran giwan ruwa kada a yi ƙasa da laba 30. Inda akwai tsage, a sa waya mai tsawon taƙi ɗaya tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoransa suna datse zare nan take. Kafin a ja ƙulli a jiƙa shi da yawu.

Sanda mai tsawon kamar mita 2, wadda take da ƙarfi a gindi da ɗan laushi a kai, tare da kwarkwaron naɗe zare, ita ake so. Wanda bai da halin saye yana iya farawa da gora, ya riƙa sauke ƙoton a ramukan da ke tsakanin bado yana ɗagawa a hankali.

Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana lalata ƙoton roba. A bar shi cikin ledar da ya zo da ita a inuwa, kada a gauraya launi da launi domin suna rinar juna, kada kuma a ajiye shi a jikin kwanon roba mai tauri, domin yakan narkar da shi.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuta 4/0, 6, 1, 2/0 da 10 a littafinsa, ya jera su daga ƙaramar ƙugiya zuwa babba. Wanda yake da ƙugiya a gida ya zo da ita aji tare da takardarta, domin a karanta lambar tare a kuma gwada ɗaurin Teksas da guntun robar tsohon silifa da aka yanka siriri.