Babi na Shida: Fita Daji Domin Koyon Sassaben Zamani

Wannan babi ba a cikin aji za mu yi shi ba. Ranar fita kowa ya zo da adda mai kaifi, da gorar ruwa, da jan ƙyalle, kuma mu taru da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Darasi na ɗaya: gane kututture mai rai

Idan mun isa saura, kada kowa ya sari komai tukuna, ku fara duban ƙasa. Sabara da kalgon nan da kuke sassabewa kowace bazara, yawancinsu tohon tsohon kututture ne wanda saiwarsa take da rai a cikin ƙasa. Da irin wannan saiwa manoman Maraɗi suka fara maido da itatuwansu tun 1983, har aikin ya kai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Wannan renon toho shi ake kira sassaben zamani.

Darasi na biyu: zaɓe da sara

A kowane kututture ku zaɓi toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ku bar su, ku cire sauran. Waɗanda kuka bari ku rage musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu.

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Daga ƙasa zuwa sama ake sara. Ku sa bakin adda a ƙarƙashin reshe, ku ja sama, domin idan kuka saro daga sama, reshen zai tsage ya yage ɓawon itacen, gara da cuta su sami hanyar shiga. Wanda hannunsa bai saba ba kada ya ji kunya, ya gwada a kan reshen da za a yar. Ku sake: bakin adda a ƙasa, a ja sama. Sannu a hankali hannu zai saba.

Amma akwai waɗanda ake nuna wa, da malami ya juya baya sai su koma saran da suka gada. Wannan ganganci ne, kuma mai dakusasshiyar adda ma gara ya zauna a gida. Daga ƙasa zuwa sama!

Darasi na uku: gawo

Kada ku cire gawo daga gona. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya hana gero rana, kuma ganyen taki ne.

Darasi na huɗu: alama

Ku ɗaura jan ƙyalle a tohon da kuka bari, ku sanar da makiyaya da masu itace.